Jujin Lungun Hajo

Hajo ba mai rigima ba ce. Ta fi shekara talatin tana sayar da hatsi a kasuwar Arzèkè ta Parakou, dawa da masara da wake, kowa kuma ya san ta da haƙuri. Mijinta ya rasu ya bar mata gida a wani lungu da ke bayan kasuwar. 'Yarta tilo, Roukaya, tana aure a Djougou. Abin da ke ɗebe mata kewa shi ne kiwo. Duk shekara takan sayi ɗan rago bayan sallah, ta ɗaure shi a tsakar gida, ta yi ta ba shi dusa da harawa har layya ta zagayo.

Shekara biyu ke nan da mutanen wani kamfanin kwashe shara mai suna Gari-Fes suka zo bakin lungun, suka sauke wani ƙaton akwatin ƙarfe kore a filin da mata ke shanya barkono da kuɓewa. Suka tara 'yan unguwa suka yi bayani. Masu keken shara, irin mai ƙafa uku ɗin nan, za su riƙa bi gida-gida suna karɓa, su zo su juye a akwatin, babbar mota kuma ta zo duk bayan kwana biyu ta kwashe ta fitar bayan gari.

"Ba za ku ma san da shi a nan ba," in ji wanda ya yi jawabin.

Har tafi aka yi masa. Hajo ma ta tafa.

Wata uku aka yi ana cika alkawari. Daga nan motar ta koma zuwa sati-sati, daga baya kuma sai ranar da aka gan ta. Masu keke dai ba su fasa ba, tunda su aikinsu kawowa ne, kuma ba sharar lungun kaɗai suke kawowa ba, ta unguwanni huɗu ce. Akwatin ya cika, ya tumbatsa, ya zo ya nutse gaba ɗaya, ko fentinsa ba a hange. Ɓawon doya, ruɓaɓɓen tumatir, hanjin kaji, ƙunzugun jarirai, fasassun bokitai, sai kuma uwa uba baƙar leda wadda iska ke kwasa ta watsa a kowane gida. In aka yi ruwan sama, wani baƙin ruwa mai kauri yakan tsiyayo daga gindin jujin ya bi lungun, maza su tattare riguna in za su masallaci. In aka kwana biyu ba ruwa, wani ya cinna wa jujin wuta, hayaƙi ya cika ɗakuna. Hajo ta koyi cin abinci da hannu ɗaya, ɗayan yana korar ƙuda. Takan yi tsaki ta rufe taga, shi ke nan.

Tun farkon damina ta lura ragon bana yana ramewa ta baya, ciki kuwa sai ƙara girma yake. Fari ne mai baƙin kunne, da can har leƙowa ake yi kallonsa. Ta ba shi kanwa, ta ɗura masa man gyaɗa, ta canza masa dusa. Saura sati uku babbar sallah ya daina cin komai. Ranar Litinin da safe ta iske shi kwance, wuya a miƙe, yana nishi. Ta yafa mayafi ta je ta kira maƙwabcinta Habou mahauci.

Habou ya tsugunna ya danna cikin ragon, ya girgiza kai.

"Inna, in kika bar shi har azahar mushe za ki samu."

"To yanka shi."

Ta tsaya a kansa har ya gama fiɗa. Naman ba wani abin kirki, ƙashi ne da fata. Da ya zo kan tumbi, wuƙar ta ci karo da wani abu ta ƙi shiga. Ya faɗaɗa tsagar, ya sa hannu biyu ya jawo wani dunƙule wanda ya fi kan mutum girma, baƙi ƙirin, a murɗe tamau kamar igiyar rijiya. Ya ja gefe ɗaya, sai ga leda ta biyo hannunsa. Ledar mai, ledar ruwa, guntun buhun shinkafa, zaren nailan, har da gashin kanti da ake kitso da shi.

"Habou, ragon nan a ɗaure yake. Ko ƙofar gida bai taɓa leƙawa ba."

"Ai ba sai ya fita ba, Inna. Iska ke kawo masa. In ledar na ƙanshin mai ko gishiri, haɗiyewa suke yi. Na shida ke nan da na fasa na tarar da haka a watan nan. Bari in kai miki shi juji."

"Juji? Can ya fito, ka ce za ka mai da shi? Sa mini shi a daron can, ka rufe da faifai."

Ta wanke jinin daga tsakar gidan. Shekara guda tana tashi da asuba saboda dabbar nan. Ba asarar ce kaɗai ta ci mata rai ba. Tunanin wata da watanni da ya yi yana kallon dusa a gabansa ba shi da wurin sa ta, shi ne ya fi tsaya mata a rai.

Da la'asar ta tafi wurin delege, wato mai unguwarsu, Malam Moutari. Ya saurare ta har ta gama, sannan ya janyo wata jaka ya zazzage takardu a kan tabarma.

"Maman Roukaya, sau uku na rubuta musu. Na kira, na je da ƙafata. Kullum amsa ɗaya ce, mota na gareji. Ga ma wata takarda da suka aiko jiya. Ranar Alhamis suna da taro da baƙin da ke taimaka musu daga ƙasar waje. Suna son mata ashirin daga kasuwa, za a ba ku riguna, a koya muku tsabta."

"A koya mana me?"

"Tsabta. Haka suka rubuta."



"Sa sunana," ta ce.

Ranar Alhamis mai zemi, ɗan babur ɗin hayar da ya ɗauke ta, sau biyu yana waiwayowa yana tambayar me ke cikin daron da ta ɗora a cinya. Ta ce masa ya kalli gabansa. A harabar wani otal aka yi taron. An kafa rumfuna, an jera kujeru, an shimfiɗa farin ƙyalle a teburin manya. A bakin ƙofa aka miƙa wa kowace mace koriyar riga mai rubutu da ledar ruwan sanyi. Hajo ta karɓi rigar ta zauna a kanta, ta tura daron ƙarƙashin kujera. Matan da ke kusa da ita suka fara toshe hanci suna duba ƙasan takalmansu.

Daraktan kamfanin ya miƙe. Hajo ta gane shi nan take: Abdoulrahim ne, ɗan gidan marigayi Alhaji Ashafa mai goro, ya yi ƙiba ya sa kwat. Da Faransanci yake jawabi, yana juyawa wajen baƙin guda uku yana murmushi. Kalma ɗaya yake ta nanatawa, "incivisme". Tafinta ya fassara da harshen Dendi, sannan da Hausa. Wai babbar matsalar garin nan ba ta mota ba ce, ba ta ma'aikata ba ce, halin mutane ne. Mutanenmu, musamman mata, ba su san inda ake zubar da shara ba, shi ya sa aka tara su yau a wayar musu da kai.

Hajo ta sunkuya ta janyo daron. Ta ratsa tsakanin kujeru, ba sauri ba nawa, ta dire shi a kan farin ƙyallen tsakanin kwalaben ruwa, ta ɗauke faifan. Abin ya kwana uku a rufe. Wanda ke kusa ya ture kujera ya yi baya. Ɗaya daga cikin baƙin, wata mace mai furfura, ta rufe hanci da hannu amma ba ta kau da ido ba.

"Madame, calmez-vous," in ji darakta, yana ɗaga hannu kamar mai tare akuya.

"Da Hausa za ka yi mini, Abdoulrahim. Ina tsakar gidanku ranar da aka raɗa maka suna, ban ji an yi da Faransanci ba."

 Wayoyi suka fara ɗaguwa ta baya.

"Ka ce ba mu san inda ake zubar da shara ba. Mun sani. Inda kuka nuna mana, can muke zubawa. Ku ne kuka manta inda kuka ajiye akwatinku. In kana so in kai ka, sai ka zo da shebur, don yana ƙasa. Kun ce kwana biyu-biyu. Yau kwana arba'in da wani abu rabon lungunmu da ganin motarku. Wannan da kake gani daga cikin ragona aka ciro shi, rago a ɗaure cikin gidana. Shi ma da ka aiko masa da riga ka koya masa tsabta!"

Wasu matan suka fashe da dariya, wasu suka ɗauki "Wallahi gaskiya ne!" Hajo ba ta yi dariya ba. Ta juya wajen tafinta.

"Kai kuma faɗa wa baƙin nan abin da na ce, kar ka rage ko kalma. In ka rage, akwai masu jin Faransanci a bayana."

Ya faɗa, yana gumi. Matar nan mai furfura ta yi tambayoyi, ta rubuta sunan lungun, ta ba Hajo wani ɗan kati mai lambar waya. Hajo ta ƙulle shi a bakin zane, ta bar musu daron a kan tebur ta fita.

Kafin magariba babu wayar da hoton bai shiga ba a Parakou. Ranar Asabar da hantsi motoci biyu suka tsaya a bakin lungun, ba ɗaya ba, da ma'aikata goma sha masu shebur. Kwana biyar suka yi suna kwasa. Da akwatin ya bayyana, ya yi tsatsa ya huje ta ƙasa, yara suka yi ta ihu kamar an tono dukiya. Mata suka riƙa shigowa gidan Hajo suna sa mata albarka. A kasuwa aka sa mata suna Mai Daro. Ita ma ta ji daɗi, ba ta ɓoye ba. Ranar ƙarshe ta dama fura ta kai wa ma'aikatan. Direban mota ta biyu, wani dogo mai suna Iliassou, ya karɓa ya yi godiya, ya sha a tsaye, bai ce uffan ba bayan haka. Motocin kuma suka ci gaba da zuwa duk bayan kwana biyu, kamar yadda aka faɗa tun farko.

An yi sallah da kwana goma Roukaya ta kira tana kuka. 'Yarta Rakiya, mai shekara uku, tana asibiti, amai da gudawa. Hajo ta rufe rumfa ta nufi tasha, ta shiga motar Djougou.

Gidan surukan Roukaya yana bayan kasuwar Djougou, kusa da inda motocin garin Kolokondé ke sauke doya. Tun kafin ta karya kwana warin ya tare ta, wari ne da ta sani sarai. Juji ne ya tashi ya cinye rabin hanya, ya gangara ya toshe magudanar ruwa. A jikin katangun gidajen ga shatin inda ruwa ya kai, ya kusa gwiwa.

Hajiya Hannatu, uwar mijin Roukaya, tana zaune a tsakar gida. Sun saba wasa da dariya in sun haɗu, amma yau gaisuwar a taƙaice ta tsaya.

"Mun gan ki a waya," in ji Hajiya Hannatu. "Kin iya magana, ba laifi."

"Hajiya, ya jikin yarinyar?"

"Da sauƙi, za ki gan ta. Na ce mun gan ki. Tun satin da aka nuna ki, motarmu ba ta sake zuwa ba."

"Motarku kuma?"

"Gari-Fes ɗin nan su ke kwashe mana mu ma. Mota ɗaya ce tak, Iliassou ke tuƙa ta, yaron unguwar nan ne. Ba kullum take zuwa ba, amma tana zuwa. Aka kira shi aka ce ya kai ta Parakou, wata mata ta kunyata darakta a gaban baƙi. Wata guda ke nan."

Hajo ta ɗaga murya.

"To ni na ce a ɗauko? Na san ma da wata mota a Djougou? Ragona ya mutu, Hajiya! Shekara biyu muna cin abinci da ƙuda. Shiru kike so in yi?"

"Ban ce kin sani ba. Tashi ki zo ki ga wani abu."

Ta kai ta bayan ɗaki inda rijiyar gidan take. An rufe bakin da kwanon rufi an ɗora dutse. Hajiya Hannatu ta ture dutsen ta ɗaga kwanon. Hajo ta leƙa, ta ja da baya.

"Ruwan da aka yi ranar Juma'a waccan bai sami hanya ba, sai ya kwaso jujin ya shigo mana. Mun ɗauka bakin rijiyar ya yi tudu. Kwana biyu muna sha kafin ya fara wari. Ni tsohuwa ce, cikina ya saba. Rakiya fa?"

Hajo ta juya ta nufi asibiti.

A asibiti ta tarar da Rakiya kwance ana yi mata ƙarin ruwa, idanu sun faɗa, leɓe ya bushe. Gadaje uku na gefe duk yaran lungun ne. Ɗaya daga cikin iyayen ta ƙura wa Hajo ido, ta taɓa ta kusa da ita, suka yi ƙus-ƙus. Roukaya ta lura, ta kama hannun uwarta.

"Inna, ba laifinki ba ne."

"Na sani," in ji Hajo. Amma da zagin ta aka yi, da ya fi mata sauƙi.

Kwana huɗu ta yi a bakin gadon. Ranar da yarinyar ta tashi zaune ta sha kunu da kanta, Hajo ta yi sallama da Hajiya Hannatu.

"Motarku za ta dawo," ta ce.

"Taku fa?"

"Ban sani ba."

Daga tashar Parakou ba ta bi ta gida ba. Ta sa mai zemi ya yi ta tambaya har suka gano garejin kamfanin a gefen gari. Mai gadi ya gane Mai Daro, ya buɗe mata ba musu. Tana shiga ta tsaya. Motoci shida ne a jere, koraye, manya, da rubutun baƙin nan a jikinsu. Tayoyi sun sace, ciyawa ta fito ta tsakanin ƙafafunsu, wata kaza tana kwanci a ƙarƙashin ta farko. Can gefe Iliassou yana wanke motarsa.

"Waɗannan fa?" ta tambaye shi.

"Sun mutu, Inna. Takwas aka kawo, biyu ke motsi. Waɗanda suka ba da su ba su haɗo da kayan gyara ba, kuma babu makanikin da ya san cikinsu a nan. In ɗaya ta tsaya sai a ciro wani abu daga jikinta a sa wa 'yar'uwarta."

"Ka san 'yar 'yata na asibiti a Djougou?"

"Na ji. Gidana yana bayan jujin nan ne. Matata ta daina ɗaukar wayata."

"Me ya hana ka faɗa mini ranar da na kawo fura?"

"Kina murna, Inna. Kuma ni direba ne, inda aka ce in je nake zuwa."

Ofishin darakta yana sama. A kan matakala ta yi ta raɓa ɗaurin koren riguna, dami-dami, ba a ma kwance ba. Abdoulrahim ya miƙe da fara'a, wannan karon da Hausa.

"Inna, sannu da zuwa! Ai neman ki nake. Baƙin nan sun yaba da ke ƙwarai. Muna so mu naɗa ki jakadiyar tsabta, hotonki a allo a bakin kasuwa."

"Ka ɗauko motar Djougou."

Fara'ar ta ragu.

"Lungunki kika nema a kwashe, an kwashe."

"Yara huɗu suna kwance ana musu ƙarin ruwa. Ɗaya jikata ce."

Ya zauna, ya shafa fuska.

"Allah ya ba su lafiya. Inna, bari in gaya miki gaskiya. Mota biyu gare ni, gari biyu, juji ya fi talatin. Duk inda aka fi ihu, can nake turawa. Ke kika yi ihu."

"To me ya sa ba ka faɗa wa baƙin haka ba? Me ya sa ka tsaya a gaban jama'a ka ce mu ne ƙazamai?"

"In na ce motoci shida sun mutu, aikin za a karɓe a ba wani. Mutum nawa ke ci a nan, kin sani?"

"Sai ka ɗora mana. Mu ba ma jin Faransanci, ba za mu san me ka ce ba, ko? Ka ba mu riga mu tafa maka." Ta kwance bakin zanenta ta fito da katin nan, ta ajiye a kan tebur ta danne da yatsa. "Yau Iliassou zai kwana a Djougou da motarsa. Matar nan kuma zan kira ta, ko ka mayar ko ba ka mayar ba. Gara ka riga ni faɗa mata abin da ke cikin garejinka."

"Inna, in motar ta koma, lungunki zai koma yadda yake."

"Na san da haka. Kai ma ka san ba ni ya kamata in zaɓa ba."

Motar ta koma Djougou a ranar. Kafin wata ya cika, jujin lungun ya fara tasowa, ƙuda suka dawo. Matan da suka sa mata albarka suka canza fuska. Matar Habou ta tare ta a bakin famfo.

"Inna, wa ya aike ki? Mun samu an kwashe mana, kin je kin mayar da mota saboda surukanki."

"Mota shida ke kwance a gareji kaji na ƙwai a ƙarƙashinsu. Je ki tambayi wanda ya kwantar da su."

Ta kira lambar, Malam Moutari ya yi mata tafinta. Sati biyu bayan haka matar mai furfura ta zo ba sanarwa, ta shiga garejin ta ɗauki hotuna. Ba a karɓe aikin daga hannun Abdoulrahim ba, kamar yadda ya ji tsoro. Wata uku aka yi ana taro, sannan aka kawo kayan gyara, motoci biyu suka tashi. Djougou ta riƙe tata, lungun Hajo ya koma ganin mota sau ɗaya a sati, wani satin a tsallake. Sauran huɗun suna nan inda suke.

Wata rana bayan kaka Iliassou ya kawo motarsa gyara Parakou, aka tura shi ya kwashe lungun kafin ya koma. Hajo na tsaye tana kallon ana lodi, sai wata tambaya ta faɗo mata wadda ba ta taɓa yi ba.

"Wai ina kuke kai sharar nan?"

Ya dube ta, ya buɗe mata ƙofar gaba.

Sun yi tafiyar kusan rabin awa, suka sauka daga kwalta suka bi wata jar hanya. Hajo ta zaci za ta ga wuri mai katanga da ƙofa. Wani tsohon rami ne da aka haƙi ƙasar yin hanya, ya cika ya batse. Leda ta maƙale a kan kowace bishiya har iyakar gani. Ƙasa da ramin wani rafi ne, a hayinsa kuma rugar Fulani. Shanu kusan ashirin suna cikin sharar suna tono da baki.

"An ce za a gina wurin zubar da shara na gaskiya," in ji Iliassou. "Tun ina sabon direba ake cewa."

Ya danna wani maɓalli, bayan motar ya ɗaga, sharar lungun Hajo ta zube a kan ta jiya. Wata Bafulatana da ƙwarya a ka ta taso daga bakin rafin, ta tsaya nesa kaɗan tana kallonsu. Ta dubi Hajo daga sama har ƙasa, mayafinta mai kyau, takalmanta, sannan ta yi magana da Hausar da ba ta nuna sosai ba.

"Ku ne masu kawo mana wannan?"

Iliassou ya buɗe baki zai yi bayani. Hajo ta riga shi.

"Mu ne," ta ce. Ta tattare zane ta sauko daga motar. "Ina mai garinku? Kai ni wurinsa."